Gayaunar da Ba Ta Shiga Littafin Safiyo Ba

Na yi shekara shida a ƙasar Malesiya ina koyon aikin safiyo, wato awon ƙasa, kuma akwai abu guda da ban taɓa yarda da shi har zuciyata ba, ko da yake na ci jarrabawa a kansa. Gona ba ta zuwa da kusurwa huɗu kamar tabarma. Iyakarta rafi ne, ko turba, ko jerin gamba da ya bi inda ya ga dama. Idan mai awo ya tarar da irin wannan iyaka mai lanƙwasa, an yarda masa ya ja miƙaƙƙen layi ya ratsa ta, ya ɗan ci a nan ya ɗan bari a can, muddin abin da ya ci da abin da ya bari sun yi daidai. Malaminmu yakan ce ta haka babu abin da ke salwanta a lissafi. Haka nake rubuta masa a takarda, amma nakan tambayi kaina: wanda aka ci nasa a nan, shi ne aka bar wa a can? Da wannan tambaya na dawo gida Kiru. Ban san akwai wanda ya riga ni kwana da ita da shekara hamsin ba.

Bara, bayan an gama girbi, wata ƙungiyar manoman rani a gabas da Ƙafin Maiyaki ta ɗauke ni aiki. Ruwan sama ya ƙwaƙule musu wani kwazazzabo da ya raba su da fadamarsu, suna son sanin tifa nawa ta ƙasa za ta cike shi. Yadda ake yi shi ne a yanka ramin gunduwa-gunduwa a lissafi, kamar rake, a auna faɗi da zurfi a bakin kowace gunduwa, sannan a haɗa. Na kafa na'urata mai ƙafa uku na wuni ina yi. Duk wunin akwai wani dattijo zaune a gindin marke, da gora doguwa a gefensa da igiya a naɗe a kafaɗa, yana bin motsina da kai. Da na fara tattara kaya sai ya yafito ni. Na durƙusa na gaishe shi.

"Injiniya, nawa na'urar ta ce?"

"Baba, sai na koma gida na haɗa tukuna."

"Au, ita ma sai ta kwana tana tunani?" Ya yi dariya. "To in ta ce maka tifa ɗari da ashirin, ka gaishe ta, ta yi ƙoƙari. Amma kai ka ce musu ɗari da hamsin. Ƙasa in an zuba ta kwanciya take yi, ba ta tsayawa yadda ta sauko daga mota."

Na haɗa a gida, na samu ɗari da goma sha takwas. Da na ƙara abin da ƙasa ke raguwa in an danne ta, ya zama ɗari da arba'in da takwas. Washegari na tambayi shugaban ƙungiyar wane ne tsohon nan. Ya ce ai Malam Alasan Mai-sarƙa ne, daga wajen Tiga, shi suka fara ɗaukowa ya auna da gora da igiya. Ni an kira ni ne kawai don masu taimaka musu sun ce sai da takarda mai hatimi.

Mako biyu bayan haka na hau acaɓa na nufi gidansa. Ƙauyensu na cikin ƙasar Bebeji, ɗaya daga garuruwan da aka kafa wa mutanen da ruwan madatsar Tiga ya tasa. Layukan gidajen a miƙe suke kamar an ja su da zare, abin da ba ka gani a tsofaffin garuruwanmu. Na same shi a zaure yana gyara wa wani komar kamun kifi. Yana da shekara saba'in da uku, dogo ne, ya ɗan ranƙwafa, yanar ido ta rufe masa na hagu gaba ɗaya, ta fara taɓa na dama. Da murya ya gane ni.

"Mai na'ura ne? Nawa ta ce?"

Na gaya masa. Ya ce, "Tifa biyu tsakaninmu. Ka bar min su, na tsufa."

A wani ƙauye aka haife shi, Rafin Kanya, wanda yanzu yake ƙarƙashin ruwa. Shi ne ɗan fari a gidansu, don haka tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. Mahaifiyarsa na ɗaki na biyu a gida ɗaya, amma ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa miƙa masa abinci hannu da hannu ba. In tana son a gaya masa magana sai ta ce wa ƙanwarsa Tani, "Gaya wa wannan." Shi kuma Yaya yake ce mata, kamar yadda ya ji ƙannenta na faɗa. Wannan ba baƙon abu ba ne, haka kunyar ɗan fari take a wajenmu, kuma a zamaninsu ta fi ta yau tsanani. Duk hirar da muka yi a zauren nan, da Yaya ya riƙa ambatonta.

Yana da shekara ashirin masu awo suka sauka a ƙauyen, suka kafa tanti a bakin kasuwa. An ce za a tare kogi, ruwa zai ci gonaki, dole a auna ta kowa a rubuta kafin a ba shi wata a sabon wuri. Suna neman samari masu ƙarfi da za su ja musu sarƙa, mai unguwa ya ba da shi. Sarƙar ta ƙarfe ce, gaɓa ɗari, da mariƙi na tagulla a kowane baki. Mutum biyu ke jan ta, na gaba yana kafa ƙusa a inda ta ƙare, na baya yana tsince su yana ƙirgawa. Shugabansu wani mutumin kudu ne da suke kira Oga, mai Hausa tsinto-tsinto. Malam Alasan ya ce bai taɓa ganin ya zalunci kowa ba. Shi ya koya masa yadda ake bi da iyaka mai lanƙwasa: a shimfiɗa sarƙa a miƙe, a riƙa tsayawa a tazara ɗaya ana auna nisan da ke tsakanin sarƙar da bakin iyakar. Sauran aikin, wato mayar da waɗannan lambobi su zama eka, Oga ke yi shi kaɗai a cikin tanti.

"Ni hannu na koya," in ji shi. "Kan yana wajen Oga."

Sun yi wata biyu suna awo kafin a zo kan gonar mahaifinsa. Iyakarta ta kudu rafi ne. Akwai inda rafin ya yi gwiwa, ya zagaya ya dawo, ya bar wata 'yar ƙasa mai laushi tsakanin wani dutse da wata bishiyar kanya. Nan ce gayaunar mahaifiyarsa, 'yar gonar da mace ke nomawa don kanta. Ba mijinta ya ba ta ba, surukarta ce ta bar mata. Tana shuka kuɓewa da yakuwa da gauta da barkono, da rani ta sa albasa tana ba ta ruwa da masaki. Daga nan miyar gidan ke fitowa, daga nan take sayen zanenta.

Ranar da aka zo awon tana cikin gayaunar, ta duƙa tana cire ciyawa. Hadari ya taso daga gabas, saura gonaki huɗu a gama ƙauyen. Oga ya dubi gwiwar rafin, ya dubi wani fako mai tsakuwa da ke gaba kaɗan a wajen gonar, girmansu kusan ɗaya. Ya ce da Alasan in wannan 'yar gona ta wani ce daban, ya faɗi suna a buɗe mata layi a littafi. In kuwa duk ta gidan ce, zai ja layi daga dutse zuwa kanya ya bar gwiwar a waje, ya saka fakon a madadinta, ekar maigida ba za ta ragu ba.

"Tana nan, Injiniya, kamar daga nan zuwa bakin zauren can. Ta ji. Ba ta ɗago ba. Ga mai unguwa, ga dattawa, ga abokaina masu jan sarƙa. Oga ya ɗora alƙalami a kan takarda yana jira." Ya murza zaren komar. "Ta ƙaƙa zan kama sunanta a gabanta? Ban taɓa ba. Sai na ce, ta gidanmu ce."

Oga ya ja layinsa. Mahaifinsa bai rasa komai ba, ekarsa ta cika cif. Da aka zo rabon filaye a sabon gari, sunayen da ke littafi aka bi. Matan ƙauyen uku da aka rubuta gayaunarsu an yanka musu 'yan filaye a bakin fadama. Ita ba a kira ta ba.

Na ce, "Baba, ba wanda ya yi magana daga baya?"

"Wa zai yi? Maigida ya ce ai lissafi ya cika. Ita kuwa in ta yi ƙorafi, ƙarar wa ta kai?"

Amma kafin a tashi ya yi wani abu. Shi ke ajiye sarƙa, yana shafa mata mai. Ranar Juma'a ba a aiki. Bayan an sauko daga masallaci ya saɓa ta ya nufi gwiwar rafi, da tawada da 'yar takarda a aljihu, ya ce ko ba komai zai auna ta yadda aka koya masa. Sai dai sarƙa ba ta aunuwa da mutum ɗaya. Ya ɗora dutse a kan mariƙin, in ya ja sai ya suɓuce. Sau uku yana komawa. A na huɗu ya ja ya ji ta tsaya gam. Ya waiwaya, sai ga mahaifiyarsa ta taka mariƙin da ƙafa, ta juya masa baya, tana kallon rafi kamar wani abu take nema a ruwan. Haka suka yi awon har ƙarshe. In ya matsa gaba ita ma ta matsa ta taka. Daga dutse zuwa kanya sarƙa biyu ce daidai, ya tsaya a kowace gaɓa ashirin da biyar ya auna zuwa bakin ruwa ya rubuta. Da ya gama ta ɗauki masakinta ta wuce.

Sau biyu yana zuwa bakin tantin Oga da takardar. Ya ce ya san tambayar farko da za a yi masa ita ce sunan mai wurin, sai ya juya. Ran Litinin littafin ya tafi Kano.

Bai bar aikin ba. Da aka fara gina madatsar, shi ne ke riƙe sanda mai lamba a kan tudun ƙasar da motoci ke zubawa, ana leƙo shi da na'ura don a san ƙasa nawa ta hau, nawa ta rage. A nan ya koyi yadda ƙasa ke kwanciya. Ya ce kullum sandar na ƙara yin sama, yana hango ƙauyensu yana ƙara yin ƙasa. Da aka gama aka sallame su, ya zama mai awon gari. In za a raba gonar gado, shi ake kira. In za a haƙa kududdufin kifi ko a ja hanyar ruwa zuwa lambu, shi ke faɗin mutum nawa za su yi a kwana nawa. Ya yi awo har Tudun Wada da Doguwa, har bakin dajin Falgore. Mutane na yi masa tsiya wai ya cika jinkiri, don shi ba ya jan miƙaƙƙen layi a kan lanƙwasa, sai ya bi ta taki-taki. Kuma ba ya fara awo sai ya aika cikin gida an tambayi mata ko akwai mai gayauna.

Mahaifiyarsa ta yi shekara ashirin da biyu a sabon gari. Ya yi ta yanka mata wuri a gonarsa, ta hannun Tani, tana cewa a bar shi. A fasassun tukwane take shuka kuɓewarta a bayan ɗaki. Sau ɗaya tak ya ji ta ambaci wurin. Yana zaure, tana tsakar gida, ta ce, "Tani, gaya wa wannan, kuɓewar garin nan ba ta da yauƙi irin ta gwiwa."

Ya tashi ya shiga ciki, ya fito da wani tsohon gwangwanin shayi. A ciki akwai takarda naɗe a tsumma, ta yi ja, tawadar ta kusa gogewa. Ya ce in bar wahalar da idona, ya karanto min adadin gaɓoɓin da ya auna, da ka: sittin, ɗari da biyar, ɗari da talatin da biyar, ɗari da hamsin, ɗari da arba'in, ɗari da goma, sittin da biyar. Ya taɓa kai wa wani malamin makaranta, malamin ya ce shi lissafin mai kusurwa huɗu ya iya.

"Tani ta rasu bara," ya ce. "Yanzu in ban da ni babu mai rai da ya san an yi wurin nan. Idon nan kuma ka ga inda ya nufa. Kai kana da kan Oga, kana da hatimi. Ba fili nake nema ba, wa zai ba ni, in ba wa? So nake ta shiga takarda."

Na ce lissafin ba zai ɗauke ni minti goma ba. Amma in ana son zane na gaskiya, wanda zai nuna inda wurin yake a duniya, sai na samu ko da abu ɗaya da ya rage a can. Ya ce dutsen na nan. In rani ya yi tsanani kansa yakan fito.

Muka jira har watan Afrilu. Uba, ɗan marigayiya Tani, masunci ne, shi ya ɗauke mu a kwalekwalensa da hantsi. A sabon gari aka haife shi, bai san komai game da gayaunar ba sai a ranar.

"Kawu, wai gona za mu a cikin ruwa? Da ka faɗa da na taho da fartanya."

"Tuƙa kawai, ɗan tudu. Kai da aka haifa a kan layi me ka sani?"

"Na san inda karfasa take kwana. Ita ce magajiyarku yanzu."

Mun fi awa ɗaya muna tafiya. Malam Alasan ba ya ganin nesa, sai ya riƙa tambayar Uba ko tsaunin da ke yamma ya daidaita da wata giginya da ke gaɓa. In Uba ya ce tukuna, ya ce a ƙara yin kudu. Can sai ga wani abu baƙi a kan ruwa, bai fi faifai ba, tsuntsaye sun yi masa fari da kashi. Uba ya ce shekara da shekaru yana kauce masa don kada ya fasa masa jirgi. Malam Alasan ya miƙa hannu ya shafa shi, ya daɗe bai ɗauke ba.

Na ɗora na'urar da ke karɓar saƙo daga tauraron ɗan'adam a kan dutsen, na rubuta abin da ta nuna. Ya nuna min da hannu inda kanyar take, yamma sosai, inda rana ke faɗuwa da kaka. Na ɗauki wannan ma, na san ba zai rasa kuskure ba, na rubuta haka a littafina. Sannan ya ce Uba ya matsa kudu kaɗan, ya ƙara kaɗan, ya tsaya. Ya ɗaura dutse a igiyarsa ya saki a ruwa, yana ƙirga ta gaba-gaba da faɗin hannuwansa.

"Gaba uku da rabi," ya ce. Ya jawo igiyar, ya taɓa laka da ta manne a dutsen, ya murza ta tsakanin yatsu, ya kai hanci. "Wannan ba tata ba ce. Ta Falgore ce ruwa ya kawo. Tata na ƙasa."

Uba bai ƙara tsokanarsa ba har muka dawo gaɓa.

A zaurensa na yi lissafin, yana zaune kusa da ni. Na yi ta hanyar da ke ɗaukar kowace gunduwa a matsayin mai miƙaƙƙen baki, na sake yi ta hanyar da ke bin lanƙwasa, wadda ta fi kusa da gaskiya. Duka biyun sun ba ni kashi ɗaya cikin biyar na eka, saura ƙiris. Na gaya masa.

"Shi ke nan?" ya ce. "'Yar wannan?" Ya yi murmushi. "Da ita ta ciyar da mu miya shekara ashirin."

Bayan kwana uku na dawo da zanen a kan farar takarda mai kauri. Ga dutse, ga kanya, ga layin sarƙa biyu a tsakaninsu, ga gwiwar rafi ta zagaya kamar ƙwarya. Na rubuta a ƙasa cewa an zana ne bisa awon da Malam Alasan ya yi kafin ruwa ya zo, kuma ba takardar mallaka ba ce. Na karanta masa wannan, ya ce ya ji, haka yake so. Ya kawo takardar dab da idonsa na dama, ya bi lanƙwasar da yatsa daga dutse har kanya, ya sake dawowa. Uba na tsaye a bakin ƙofa, matan gidan sun taru a bayan zana suna saurare.

A kowane zane akwai gurbi a sama inda ake sa sunan mai wuri. Na bar shi fari. Tun a hanya nake tunanin ko in tambayi Uba a gefe, ai ba zai rasa sanin sunan kakarsa ba, in hutar da tsohon. Amma na ga ba don a hutar da shi ya ajiye takardar nan shekara hamsin ba. Na cire murfin alƙalami na ɗora a kan gurbin.

"Baba, sunan wa zan rubuta?"

Ya ajiye hannunsa a kan zanen. Ya ɗan juya fuska wajen bango, sannan ya juyo, ya gyara murya, ya faɗa yadda na bayan zana ma za su ji.

"Kaltume," ya ce. "Rubuta Kaltume 'yar Mainasara. Gayaunarta ce."